Asirin wa jami'in walwalar jama'a zai rufa?

A ƙarshen watan Satumban 2019, 'yan sanda suka kai samame wani gidan mari a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya. Bayan 'yan makonni aka bankaɗo wani irinsa a Daura.

Da 'yan sanda suka gama nasu, 'yan jarida suka watse, sauran aikin ya koma hannun jami'an walwalar jama'a: su tantance waɗanda aka ceto, su nemo danginsu, su miƙa su. A nan gizo ke saƙar, domin da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su gidan da hannunsu. Jami'in da ya miƙa irin wannan yaro ba tare da ya tambaye shi ko yana son komawa ba, kuma bai sake leƙa gidan ba, ya cika takarda ne kawai.

Ƙa'idar farko da ake koya wa mai wannan aiki ita ce riƙe sirrin wanda ya kawo masa kuka. Sai dai kalmar rufin asiri tana da fuska biyu a wannan ƙasa. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, kafin a kai ga asibiti an taru: ga baffa, ga mai unguwa, wani lokaci har da limami, kowa na cewa a yi haƙuri a rufa asiri. Asirin da ake nufi, sau da yawa, na wanda ya yi aika-aikar ne.

Abin da aikin ya ɗora wa jami'i shi ne ya ɓoye sunan yarinyar da fuskarta da unguwarsu, amma ya kai laifin gaba. Sulhu yana da wurinsa, kuma ofisoshin walwala sun daidaita ma'aurata da dama kan ciyarwa da riƙon 'ya'ya. Fyaɗe da azabtar da yaro ba sa cikin wannan sahu.

Abin takaici, asirin marar gata ne ya fi saurin tonuwa. A raba buhun shinkafa ga zawarawa da marayu, kafin la'asar fuskokinsu sun karaɗe Facebook, kusan ba a tambayar wadda ta karɓa ko ta yarda. To ina ma bakin ƙi ga mai jin yunwa?

Dokoki dai akwai su. Ga dokar kare haƙƙin yara ta 2003, ga ta hana cin zarafin mutane ta 2015, ga ta lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba ta da ƙafa. Sai wani ya rubuta rahoto, ya ƙi sa hannu a takardar sallama, ya raka yarinya wurin 'yan sanda, ya bayyana a kotu duk ranar da aka ɗage shari'a.

Wannan tsayin daka yana da tsada. Jami'in ma'aikacin gwamnati ne, kuma ƙarin girmansa na hannun wanda zai iya kiransa a waya ya ce a bar maganar. Ko da ya dage, sau da yawa ba shi da wurin da zai ajiye yaron idan ba gidansu ba, ba shi ma da kuɗin mai na zuwa duba shi. Faɗa wa ma'aikatarsa wannan a rubuce, sau ɗaya, sau goma, shi ma cikin aikin yake.

A ƙarshen 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da masu wannan sana'a a Najeriya, ta yi musu rajista, ta ladabtar da mai saɓa ƙa'ida. Ladabtarwa rabin aikin ne. Jami'ar da ta ƙi janye ƙarar fyaɗe, washegari ta tarar da takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa, tana buƙatar ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a saurare ta kafin ta haɗa kayanta.