Yashi Ba Ya Ɓacewa, Ƙaura Yake Yi

A makon jiya, ina tsakiyar darasi kan yadda igiyar ruwa ke sassaƙa gaɓar teku, sai wani ɗalibina ɗan Birnin Gwari ya ce, "Malam, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da wannan?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa tambayar ta bi ni har gida.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Igiya mai ƙarfi takan kwashe yashin gaɓa ta kai shi cikin ruwa, mai sanyi kuma ta dawo da shi sannu a hankali. Tun 1954 injiniya Per Bruun ya sa siffar gaɓa cikin lissafi. A yau akan ba kwamfuta tsayin igiya, girman ƙwayar yashi da zurfin ruwa, ta yi hasashen inda gaɓa za ta koma nan da shekaru. Legas ta ɗanɗana kuɗarta: katangun duwatsun da aka fara ginawa a bakin tashar jiragen ruwa a 1908 sun tare yashin da ke zuwa daga yamma, sai teku ta cinye Bar Beach.

Lissafin nan bai san ruwan gishiri da na daɗi ba. A madatsar ruwa ta Bagoma ma iska na tayar da igiya, ruwa na hawa da damina yana sauka da rani, gaɓa na zaizayewa. Duk bishiyar da aka sare don gawayi, duk ramin zinariyar da aka bari buɗe, ƙasa ce aka sakar wa ruwan sama. Inda gudun ruwa ya ragu, nan laka ke kwantawa, kuma wurin da ta cika ruwan shan gari ne ya ragu.

Sai dai kwamfuta ba ta duba. Abin da aka auna take ci. Rashin tsaro ya nesanta masu bincike da dajin, har da gandun Kamuku. Hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, da ake samu kyauta, suna nuna bakin ruwa, amma ba sa faɗin kaurin laka.

Shawarata ga gwamnatin Jihar Kaduna da jami'o'inmu ita ce a horar da masuntan wurin. Kwalekwale, igiya mai nauyi a baki da littafin rubutu sun isa a auna zurfi a layuka iri ɗaya kowace kaka. Ɗalibin nan kuwa, na ba shi wannan a matsayin aikinsa na kammala digiri.