Launi Yana Bin Haske

Ido ba ya ganin launi sai da haske. In haske ya sake, launi ma ya sake.

Da magariba, ja ne ke fara duhu. Shi ya sa jar akuyar Maraɗi take komawa kamar baƙa. Fitilar kananzir kuwa tana mai da farin zane kamar rawaya.

Siffar abu ma tana ruɗin ido. Rawanin turkuɗi, inda rana ta doke shi yana sheƙi shuɗi, cikin ninki kuwa baƙi ƙirin. Wanda ya ga siffar tumatir zai ce ja ko cikin duhu, don ya riga ya san shi.

A 2015, hoton wata riga daga Ingila ya raba kan mutanen duniya. Waɗansu suka ce fari da ruwan zinariya ce, alhali shuɗi da baƙi ce.

Saboda haka mai sayen zane a kasuwar Matamaye ya fito da shi sarari, da rana, kafin ya biya. Mai cigiyar dabba kar ya tsaya ga launi kaɗai. Ya faɗi shaidar kunne, da ƙaho, da tabo.