Sharhi: Batirin wayarka da ruwan da ke ƙafewa a hamadar Atakama

Duk ɗan uwanmu da ke sayar da waya a Computer Village ta Ikeja, ko batirin sola a kasuwar Alaba, yana cin abinci da wani ma'adini da wataƙila bai taɓa gani da ido ba. Sunansa litiyam, da shi ake yin batirin. Chile da ke Kudancin Amurka na cikin ƙasashen da suka fi fitar da shi, kuma daga wuri guda take kwasowa: wani makeken filin gishiri a hamadar Atakama, inda ake iya shekara ruwan sama bai jiƙa ƙasa ba.

A can ba dutse ake fasawa ba. Ƙarƙashin ɓawon gishirin akwai ruwan zartsi, shi kamfanoni biyu, SQM da Albemarle, ke zuƙowa da famfo su zuba a manyan tafkuna. Sai a bar wa rana aikinta, wata 12 zuwa 18, har ruwan ya tsotse ya bar ma'adinin. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan a iska yake tafiya, ba ya komawa ƙasa.

To a nan rigimar take. Dokar Chile ta ɗauki wannan zartsi a matsayin ma'adini, don haka ba a lissafa shi cikin ruwa. Kamfanonin na cewa ai ba mai shansa, ya ninka ruwan teku gishiri. Gaskiya ne. Amma ruwan daɗi da ke gangarowa daga duwatsun Andes a gefen filin yake taruwa, kwance a kan zartsin saboda ya fi shi rashin nauyi. Da shi mutanen Likanantai, 'yan asalin wurin, ke noma da shayar da dabbobi. Tsoronsu shi ne in an janye na ƙasa, na sama zai bi shi. Wanda ya zauna Lekki ya ga yadda rijiyar burtsatse ke komawa gishiri in an matsa mata zuƙa zai gane wannan tsoro.

A 2024 masu bincike na Jami'ar Chile, da hotunan tauraron ɗan'adam, sun gano wani ɓangaren filin yana lotsawa santimita 1 zuwa 2 duk shekara, kuma a daidai inda aka fi zuƙa. A Maris ɗin shekarar, babbar kotun lardin Katamarka a Ajantina ta dakatar da ba da sabon lasisi a yankin kogin Los Patos har sai an auna tasirin duka ayyukan a haɗe. A ganina wannan hukunci ya taɓo inda ke ciwo. Kowane kamfani kan kawo rahotonsa shi kaɗai, ya ce abin da yake ɗiba kaɗan ne, alhali duk daga tukunya ɗaya suke ɗiba.

Adalci dai, ba duk laifin na litiyam ba ne. Mahaƙar tagulla ta Escondida ta shafe shekaru tana jan ruwan daɗi daga kudancin kwarin kafin ta daina a ƙarshen 2019.

Me ya haɗa mu da wannan? Litiyam ya bayyana a Nasarawa da Kwara da Kaduna da Oyo, kuma a Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa. Namu a cikin dutse yake, saboda haka hanyar ta bambanta: a fasa, a niƙa, a wanke, kuma wankin na shan ruwa, dauɗarsa na komawa rafi. Ba mu manta Zamfara ba, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a 2010.

Matasanmu da dama daga zango-zangon kudu sun fara zancen barin acaba su koma ramin haƙo. Kafin wani ya sayar da gonar gado saboda an ce akwai farin dutse a ƙarƙashinta, ya kamata masu unguwa su nemi a auna zurfin rijiyoyin ƙauyen da ingancin ruwansu tun yanzu, a rubuta, a ba su kwafi su ajiye. Mutanen Atakama suna ta ja-in-ja da kamfanoni a kan alƙaluman da akasari kamfanonin ne da kansu suka tara.