Murya ta daina zama shaida

A farkon shekarar 2024, wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo da babban jami'in kuɗin kamfanin da wasu abokan aiki. Ya ga fuskokinsu, ya ji muryoyinsu, suka umarce shi ya tura kuɗi, ya tura kimanin dala miliyan 25. Ashe duk na bogi ne, 'yan damfara suka haɗa su da ƙirƙirarriyar basira.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Cinikin Kantin Kwari da Singa da Dawanau a kan amana yake tafiya. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa a saki kaya ko a tura miliyoyi, domin "Alhaji ne, na gane muryarsa." Yau kuwa ɗan gajeren faifai ya ishi ɓarawo ya kwaikwayi muryar kowa.

Wani haɗarin daga cikin gida yake. A 2023 ma'aikatan Samsung sun zuba bayanan sirrin kamfanin a ChatGPT don ya sauƙaƙa musu aiki, har kamfanin ya hana amfani da irinsa a na'urorin ofis. Haka akawunka zai iya loda sunayen kwastomomi da lambobin asusunsu ba da mugun nufi ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kuwa kamfaninka take kamawa da alhakin.

Gudun fasahar nan ba mafita ba ne. Tana rage wahalar lissafi da rubuta wasiƙu, wanda ya ƙi ta kuma za a bar shi a baya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sayi manhaja, a rubuta ƙa'ida: bayanan da ba a saka wa na'ura, da adadin kuɗin da ba ya fita sai mutum biyu sun amince, kuma sai an sake kiran mai umarnin ta lambar da aka sani.

Mafi wuya shi ne tarbiyyarmu. Yaron shago na jin nauyin tuhumar maigidansa, kuma wannan kunyar ɓarawo ke nema. Don haka maigida ne zai fara ba da izini da bakinsa. Duk yaron da ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in sake kiranka in tabbatar," tukwici ya cancanta, domin dukiyarka yake tsarewa.