Yarinya In Ta Sake Wasa, Kada A Ce Ruwan Ido Ne

Maganarmu ta yau a kan wasan alkafura ce, wanda Turawa ke kira jimnastik, da yarinyar da ta fara wani irinsa, sa'an nan ta ce wani take so. Sau da yawa uwa takan ce ruwan ido ne, ta hana ta duka biyun. A ganina wannan hukunci bai dace ba.

Iri biyu ne suka shafe mu. Na farko yarinya ita kaɗai take yi: ta tsallake doki, ta yi lilo a sanduna biyu, ta yi tafiya a kan gungume, ta yi alkafura a shimfiɗa. Gungumen nan faɗinsa santimita 10 ne kacal, watau kamar tafin hannunki, kuma ya fi mita ɗaya daga ƙasa. Irinsa ne Nadia Comaneci ta ƙasar Romaniya ta yi a wasannin Olamfik na 1976, ta ci maki goma cif tana da shekara 14.

Na biyun kuwa babu sanda, babu gungume. Biyu-biyu ake yi, ko mata uku, babba a ƙasa tana ɗauka, ƙarama a sama ana cilla ta ana cafewa. Wannan ai ba baƙonmu ba ne. Duk wadda ta taɓa kallon 'yan Koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu, wadda ke Gidan Ɗan Hausa nan Nassarawa, ta ga yadda suke ɗaukar juna suna lanƙwasa jiki. Ke ma da kike karatun nan, ba ki taɓa faɗawa da baya a gaɗa ba, ƙawaye suka tare ki suka cilla?

To, me ke sa yarinya ta so sakewa? Galibi jiki ne. Wadda ake ɗagawa tana da shekara takwas, kafin ta kai goma sha biyu ta yi tsawo ta yi nauyi, abokiyarta ba ta iya ɗaukarta. Ko dai ta koma ƙasa ta ɗauki wata, ko ta koma wasan mutum ɗaya. Wata kuma da ta hau gungume sai ƙafa ta ɗauki rawa, amma a sa ta cikin ƙawayenta, sai ki rantse ba ita ba ce. Mu malamai muna ganin haka ko a aji: akwai mai ƙoƙari ita kaɗai, akwai wadda sai da 'yan'uwa. Abin da ta koya kuwa bai ɓata ba, domin tsayuwa a kan hannu da lanƙwasa baya duk ɗaya ne a ko'ina.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma nan ne nake so ku 'yan mata ku buɗe kunne. Wadda ta bar wasan ɗauka ba kanta kaɗai ta shafa ba. Ta bar mutum ɗaya ko biyu da suka yi watanni suna koyon nauyinta da lokacin tashinta, kuma ba a samun madadi a kwana ɗaya. Saboda haka a bari zangon karatu ya ƙare, ko a gama gasar da aka shirya. Uwa ta sanar da malama da wuri, ta kuma aika wa uwar abokiyar. Haba, ko adashi ba a fita a tsakiyarsa!

Sa'an nan a yarda a koma baya kaɗan. Wadda ta je sanduna za ta tarar hannunta bai saba da riƙo ba, tafinta zai yi kanta, har ya sale, wataƙila ma a haɗa ta da ƙannenta. Ba abin kunya ba ne. Wadda ta zo daga gungume ita kuma ta saba gyara tsayuwarta da kanta, alhali a sama aikinta ta ƙame jiki, ta bar ta ƙasa ta daidaita. In duka biyu suna gyarawa, faɗuwa ce. Don haka kada a bari a gwada sabon abu a tsakar gida a kan siminti, balle a ɗaga ƙanwa a ce koyo ake yi. Sai a kan katifa, a gaban mai koyarwa.

Na san wadansu iyaye ba sakewar ce ta dame su ba, tufafin ne, musamman in yarinya ta fara girma. Dokar wasan ta yarda da riga mai haɗe da wando har idon sawu, kuma 'yan matan Jamus da irinta suka fito a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021. Kafin ki ce ta bari, je ki tambayi malamarta ko za a ɗinka mata irin wannan.