Bayan Ambaliya: A Nemi Iri Kafin A Nemi Kwano

Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyen da ruwa ya ci ya san maganar da ke fara fitowa daga bakin mai gida. Ba ya ce gona, sai ya ce ɗaki. Ga katanga a kwance, ga azara cikin taɓo, ga mata da yara sun tare a makaranta ko gidan dangi. To, ina hankalinsa zai tafi in ba ga gini ba? Ba a ga laifinsa ba. Amma fa a nan ne a kan yi kuskuren da ke mai da hasarar damina ɗaya ta zama talaucin shekara uku.

Mutanen ƙasar Rano, daga Zurgu har Rurum, da maƙwabtansu na Kibiya, ba baƙin ruwa ba ne. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana gab da su. Dattawa ba su manta da Agustan 1988 ba, sa'ad da madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya share gonaki da gidajen da ke ƙasa da ita. A ƙarshen Agustan 2001 kuma ruwan Tiga da na Challawa ya malale ƙasar Wudil har cikin Jigawa. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta aika wa Maiduguri nata rabon.

A duba watannin nan da kyau. Ruwa ya kan yi ɓarnarsa ne daga tsakiyar marka zuwa ƙarshen damina, watau lokacin da gero ya yi kai, dawa ta yi ciki, tsohon hatsi kuwa ya kusa ƙarewa a rumbu. Ba halin sāke shuka dawa. Har wa yau ba halin gini, domin ko yaron magini ya san tubali rana ya ke so, ginin ƙasa kuwa aikin rani ne. Wanda ya sayar da san nomansa cikin Satumba don ya sayi kwano da siminti, ya ɗora su bisa jiƙaƙƙen bango, ya yi hasara biyu. Bangon zai tsage, baɗi kuma ba abin da zai ja masa garma. Bukka ta zana da jinka ba abin kunya ba ce na wata uku.

Abin da ba ya jira shi ne ƙasa. In ruwa ya janye ya kan bar laka da danshi, kwanakinsu kuwa ƙidayayyu ne. A gefen fadama, inda danshi ke daɗewa, a kan ci wake mai saurin nuna, irin wanda masu binciken noma na Samaru ta Zariya suka fitar, mai kwana 60 zuwa 70. Dankali da kankana su ma su kan yi. Cikin Nuwamba a shuka alkama, a dasa tumatir da albasa. Ruwan Tiga ɗin nan shi ne ke bin babbar hanyar ruwa ta Ruwan Kanya ya shayar da kadadun Bunkure da Kura da Kadawa. Wanda ba shi da fadama ya nemi aro, ko ya yi ƙodago wurin mai ita. Gonar da yashi ya binne kuwa sai taki da haƙuri. Duk wannan ba ya yiwuwa sai da iri a hannu, iri kuwa shi ne abin da ruwa ke fara ci, tun da yake a rumbu a ke ajiye shi.

Abu ɗaya ne ya riga iri, shi ne rijiya. Ruwan da ya rushe ɗaki ya rushe salga, ya kwashe ƙazantarta ya zuba a rijiya. A yashe ta, a tafasa ruwan sha, in ba haka ba amai da gudawa su ɗauki waɗanda ambaliya ta bari.

To, ga magana ga 'yan kasuwa. Sanannen abu ne, bayan ambaliya dabba ta kan faɗi warwas a kasuwa, hatsi ya hau. Akwai masu jiran wannan rana, su sayi sa da kuɗin maraƙi, ko su ba da buhu ɗaya a biya biyu da kaka. Wannan ciniki ne na wanda ba ya duban gobe. Manomin da aka tsiyata bana, shi ne wanda ba zai kawo kome kasuwar Rano baɗi ba, ba zai sayi atamfa ba, ba zai sayi taki ba. Attajirin da ya ba da rancen iri, mudu a mai da mudu, rumfarsa ya gyara.

Malaman ofis kuma su ne alƙalami ke hannunsu. Sa'ad da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, watau NEMA, ko ta jiha, ta aiko a rubuta waɗanda abin ya shafa, galibi ɗakunan da suka faɗi a ke ƙirgawa, domin su ne ido ke gani. Sai agaji ya zo daidai da takarda: tabarma, bargo, shinkafa, kwano. An gode, amma ba a shuka bargo. Kamata ya yi akawu ya rubuta rumbu nawa ya rushe, gona nawa ta nutse da abin da ke cikinta, dabba nawa ta tafi, kuma wa ya rasa iri. A yi rubutun a gaban mai unguwa da liman da malamin gona, sa'an nan a karanta sunayen a bainar jama'a. Ta haka ne za a ga gwauruwa da mai noman aro, waɗanda su ne a kan tsallake, a kuma ga sunan wanda ko digo bai shiga gidansa ba.

In rani ya yi, an kai amfani gida, sai a zo ga gini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sabo da haka gayya ce maganin abin, a fara da gidan tsoho da na marayu. Amma kafin a kwaɓa ƙasa a zauna a tambaya, ta ina ruwan ya bi? Alamarsa tana nan jikin bango da itatuwa. Gidan da ke kan hanyar ruwa, in aka mai da shi inda ya ke, an yi wa ruwa tanadi ne kawai. Mai shi ba zai tashi ba sai an ba shi fili a tudu, wannan kuwa aikin dagaci ne da hakimi da ƙaramar hukuma, ko da musayar fili ce.

Ƙasar Rano ƙasar duwatsu ce, ba dalilin da zai sa a kafa bango bisa ƙasa tsura. A sa harsashi na dutse ya tashi kamu biyu ko uku, a yi yaɓe da makuba, indararo ya yi tsawo don kada ya zuba a gindin bango. Rumbu shi ya kamata ya sami wuri mafi tudu a gida, bisa manyan duwatsu, iri kuwa a raba shi biyu, rabi a rataye a ɗaki.

Saura kududdufi. Ramin da za a haƙa don ƙasar gini, a haƙa shi ta gangaren gari, nesa da gidaje da wurin wasan yara, a ja masa lambatu, ya zama masaukin ruwa. Birnin Kano ya cike kududdufansa da yawa da shara ya yi gini a kansu, ruwan da su ke riƙewa dā yanzu lunguna ya ke bi. Tsofaffin kududdufan ƙauye ma a hana kowa cike su, ko da mai neman filin ɗan dagaci ne.