Kafin Singafo, ka leƙa Baturiya

Ka ga bidiyon lambun furannin okid na Singafo a TikTok, ka rubuta "Allah ya kai mu". Amin. To amma ka taɓa taka Baturiya? Ga ta nan a Kiri Kasamma, kusa da Haɗejiya, kuma tun 2008 take cikin jerin dausayin duniya na Ramsar. Bayan damina bado kan rufe ruwa da furanni, da hunturu tsuntsayen Turai su sauka. Can Singafo kullum ana kula da lambunsu. Namu kuwa kachala na toshe hanyoyin ruwa, ana ta sare itatuwa, shiru kake ji. Bana ka je da wayarka, ka ɗauko, ka ɗora, ka rubuta sunan wurin.